An ce in buɗe wa sabar na'urarmu hanya a rauta, wai in an canza lambar fot ba matsala

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni nake kula da kayan wuta a wata ma'aikata, muna da mitoci shida a kan RS-485 da kuma kwantirolan janareto, duk an jona su da wata sabar na'ura ta Moxa NPort mai bakin siriyal biyu, wato akwatin da ke haɗa wayar siriyal da netwok, daga ita kebul ya tafi suwic. Wanda ya haɗa mana ya bar aiki kuma bai bar komai a rubuce ba. Yanzu kwamfutar da take karanta mitocin wani lokaci ta gani, wani lokaci ta ce babu COM ɗin, wato bakin siriyal ɗin da take karanta su ta cikinsa, ni kuma ko IP ɗin na'urar ban sani ba balle in shiga ciki. Ga oga ya matsa sai ya riƙa ganin karatun daga gida. Wani da muka kira ya ce abu ne mai sauƙi, zai tura fot a rauta, wato ya buɗe wa na'urar ƙofa daga intanet, ya canza lambar fot ɗin zuwa wadda ba wanda zai yi tunaninta, ya sa kalmar sirri mai ƙarfi, shikenan. Wallahi hankalina bai kwanta ba saboda da kwantirolan nan ana iya kashe janareton. Dan Allah ta wace hanya ake shiga a saita irin wannan na'ura, kuma maganar mutumin nan haka take?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kafin komai, kar ka bari mutumin nan ya taɓa rautar ko da oga ya tsaya a kanka, zan zo kan dalili. Sannan kar ka danna maɓallin riset tukuna. Na san shi ne inda hannu yake fara kaiwa in an rasa IP, a danne shi daƙiƙa 5 komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, to amma wannan komai ɗin ya haɗa da gudun siriyal da fariti da yanayin aikin kowane baki, abubuwan da kai da kanka ka ce ba inda aka rubuta su. Yau kana da na'ura mai yi tana tsayawa, in ka yi riset za ka tashi da wadda ba ta yi sam, ka koma canki-canki ko 9600 ne ko 19200.

Hanyar da ta fi sauƙi ta gano ta ita ce manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Na Moxa akwai Device Search Utility da kuma NPort Administrator, masu Lantronix kuma DeviceInstaller suke amfani da shi. Ka jona laftof da kebul a suwic ɗin da na'urar take, ka kashe Wi-Fi, ka danna bincike. Manhajar kira take watsawa ta UDP a fot 4800, duk NPort ɗin da ta ji za ta amsa da lambar MAC da IP ɗinta ko da kuwa IP ɗin ba na layinku ba ne. In ba ka ga komai ba, yawanci fayawol ɗin Windows ne ya tare amsar, ko kuma akwai rauta ko VLAN (keɓaɓɓen sashen netwok a cikin suwic) a tsakaninku, don irin wannan kiran ba ya tsallake rauta. In na'urar tana kan saitin kamfani har yanzu, IP ɗinta 192.168.127.254 ne, sai ka ba laftof ɗinka wani kamar 192.168.127.10 da 255.255.255.0 ku haɗu a layi ɗaya.

Da ka samu IP sai ka rubuta shi a burauza, shafin saiti zai fito. Tsofaffin famwaya, wato manhajar da ke cikin na'urar kanta, ba su da kalmar sirri ma gaba ɗaya, na baya-bayan nan kuma admin ne da moxa. In ka gwada ta buɗe, to ka san haka take zaune tun ranar da aka rataye ta. Ban da burauza akwai Telnet a fot 23, wasu kuma suna da SSH a 22, akwai kwansol ta bakin siriyal ɗin kansa a wasu samfura (ba duka ba, ka duba littafin taku), manya masu shiga rak kuma suna da ɗan allo da maɓallai a gaba da za ka iya sa IP ba tare da kwamfuta ba. A Lantronix in an danne harafin x lokacin kunna ta a gudun 9600 sai ta shiga saiti, ko ta Telnet a fot 9999. SNMP kuma na sa ido ne, kar ka ɗauke shi hanyar saiti. Ni a wajena burauza da HTTPS ta wadatar in na'ura ɗaya ce ko biyu, in sun yi yawa manhajar kamfani ta fi don kana iya tura saiti ɗaya ga da yawa, kwansol ɗin siriyal kuma a ajiye shi sai ranar da netwok ya ƙi. Telnet kam ban ga dalilin barinsa a kunne ba, kalmar sirrinka tsirara take tafiya a kan waya.

Abu na farko da za ka yi bayan ka shiga, tun kafin ka canza ko harafi ɗaya, ka fitar da fayil ɗin saitin ka ajiye kwafi biyu a wurare daban, ka kuma ɗauki hoton shafin siriyal da na Operating Mode.

Maganar ɓacewar COM kuwa, mutane na saurin cewa na'urar ce ta lalace a sayo sabuwa, an bar jaki ana dukan taiki. Direban Real COM da ke kan kwamfutarku ya ɗaure COM ɗin ne da IP guda, to in aka bar na'urar a kan DHCP, wato rauta ce ke raba IP da kanta, ranar da rauta ta ba ta wani IP ɗin daban direba zai ci gaba da neman tsohon. Ka ba ta tsayayyen IP wanda yake wajen zangon da DHCP ke rabawa. Ka kalli fitilar Ready kuma, in ja take yi tana ƙiftawa to ko IP ɗinta ya yi karo da na wata na'ura ko DHCP bai amsa mata ba. Sai saitin Max connection da TCP alive check time. In adadin haɗi 1 ne kuma kwamfuta ta yanke ba tare da sallama ba, misali wuta ta ɗauke wa suwic, na'urar za ta ci gaba da riƙe matacciyar hanyar har lokacin dubawa ya cika, kuma minti 7 ne saitin kamfani, a tsawon wannan lokacin duk wanda ya zo sai ta ce a cike take. Rage shi zuwa minti 1 yana kashe rabin irin wannan koken.

Akwai kuma dalili na huɗu wanda nake so ka duba da kyau. Ka shiga shafin Monitor ka ga wane IP ne yake riƙe da kowane baki. In ka ga adireshin da ba na kwamfutarku ba, kuma bai fara da 192.168 ko 10 ko 172.16 zuwa 172.31 ba, to wancan da ya bar aiki ya riga ya buɗe hanya a rauta tun tuni, kuma baƙo ne yake zaune a kujerar kwamfutarku shi ya sa take rasa COM.

To nan muka zo kan maganar mutuminku, wadda kullum sai na ji ta daga bakin wani, har na gaji da ita. Sai ka ji ana cewa: na canza fot ba wanda zai sani. Wa ya san IP ɗinmu ma. Mu su waye da za a zo a yi mana kutse. Kuma da gadara ake faɗa, kamar wanda ya gano wata dabara da ba a taɓa ji ba.

Bari in fara da kalmar sirrin, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kalmar sirrin da zai sa ta shafin saiti ce kawai. Tana hana mutum canza IP ko gudun siriyal. Amma fot ɗin da bayanai suke bi, wato 4001 da 4002 a yanayin TCP Server, ko 950 da 966 a Real COM, ko 10001 a Lantronix, ba ya tambayar kowa komai. Aikinsa guda ne, duk abin da ya shigo ta TCP ya zuba shi a kan wayar siriyal, duk abin da ya fito daga siriyal ya mayar. Wanda ya haɗu da wannan fot ɗin daga ko'ina a duniya daidai yake da wanda ya tsaya a ɗakin janaretonku da kebul a hannu. Kamar ka sa wa ofishin mai gadi ƙaton kwaɗo ne ka bar ƙofar sito a wangale, sannan ka tafi gida kana cewa ai na kulle.

Kuma me ke bayan wannan fot ɗin? Kusan tabbas mitocinku da kwantirolan Modbus RTU suke magana. Modbus tun 1979 kamfanin Modicon ya fito da shi, lokacin da tsaron waya shi ne katangar ma'aikata, babu sunan mai shiga a cikinsa, babu kalmar sirri, babu ɓoye saƙo. Adireshin na'ura daga 1 ne zuwa 247, mutum zai gwada su duka cikin ɗan lokaci. Umarnin karatu 03 ne ko 04, na rubutu 05 ko 06 ko 16, bambancin lamba ɗaya ce a cikin saƙon, kuma taswirar rajistocin kwantirola tana cikin littafin da kamfani ya sa kowa ya sauke kyauta. Kai oga karatu kawai yake so, to amma wayar ba ta san wannan ba, wanda zai iya karantawa zai iya rubutawa. Abin da ya hana ka barci ke nan, kuma da gaskiyarka.

Sai canza lambar fot. Fot gaba ɗaya 65,535 ne, adireshin IPv4 kuma wajen biliyan 4.3. Mutum yana jin wannan sai ya ga ai teku ne wa zai same ni. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da ZMap, manhajar da take zagaye adireshin IPv4 duka a kan fot guda cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta ɗaya mai layin gigabit. Shodan kuma tun 2009 John Matherly ya buɗe shi, aikinsa ke nan dare da rana, yana ƙwanƙwasa adireshi yana rubuta me ya amsa, kowa zai iya shiga ya nemi sunan samfurin na'ura ya ga jerin waɗanda suke a buɗe. Ba wani ne ya zauna yana neman ma'aikatarku da suna ba, injina ne suke bin kowa da kowa a jere, kuma ba lambar fot kaɗai suke kallo ba, suna tura saƙo su ga da wane yare aka amsa. In ka mayar da 4001 ya koma 47219, iyakar abin da ka yi shi ne ka wahalar da wanda zai gaje ka a aikin, shi ne zai zo yana neman lambar bai sani ba.

Masu cewa mu ba kowa ba ne, su tuna da mugun shirin kutsen nan Mirai a 2016. Jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani kusan 60 kawai yake ɗauke da su, yana gwada su ta Telnet a fot 23 da 2323, da wannan ya tara dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci na mutanen da su ma ba kowa ba ne, aka yi amfani da su aka durƙusar da kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, a ranar 21 ga Oktoban shekarar, manyan shafuka irin su Twitter suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Ka lura da 2323 ɗin nan, ai ita ce dabarar canza fot ɗin, kuma tun a lokacin an riga an sa ta a lissafi.

Irin na'urarku ma an yi bincike a kanta takanas. A 2013 HD Moore na kamfanin Rapid7 ya ƙirga sabar siriyal sama da 114,000 na Digi da Lantronix da suke amsawa a intanet, ta SNMP ya gano su da kalmar nan public da ake barinta yadda ta zo, kuma mafi yawansu a kan layin wayar salula suke. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne kwansol. In an jona sabar siriyal da kwansol ɗin rauta ko na wata kwamfuta, injiniya ya shiga da kalmar sirri ya gama aikinsa ya rufe tagarsa bai fita ba, a ɓangaren siriyal ba a san ya tafi ba, zaman yana nan a buɗe. Na gaba da ya haɗu sai kawai ya tsinci kansa a ciki da cikakken iko ba tare da an tambaye shi komai ba, kuma Moore ya samu dubban irin waɗannan. A Lantronix ma an sha nuna cewa tsofaffin samfura suna iya miƙa kalmar sirrin Telnet ga wanda ya tambaya ta fot 30718, wato ko mai ƙarfin ka sa, na'urar ce da kanta za ta faɗa.

Kar kuma ka ɗauka abin iyakarsa leƙe ne. A ranar 23 ga Disamba 2015 aka yi kutse a kamfanonin rarraba wuta na Yukiren, kusan masu amfani da wuta 225,000 suka shiga duhu. Su ba ta fot ɗin da aka tura a rauta aka shige su ba, ta saƙon imel na yaudara aka fara, amma ka ji abin da maharan suka yi bayan sun buɗe birekoki: sun ɗora gurɓataccen famwaya a kan na'urorin da ke mayar da siriyal zuwa Ethernet a ƙananan tashoshi, irin taku ɗin nan, suka mutu murus, ɗakin sarrafawa ya kasa aika umarni, sai da ma'aikata suka taka da ƙafa suka je suka mayar da wuta da hannu. Waɗancan sai da suka yi watanni suna rarrafe a cikin netwok kafin su kai ga na'urar. Mutuminku kuma so yake ya kawo ta bakin titi ya ajiye.

Abin da yake ba ni haushi da irin waɗannan masu gyaran shi ne aikin nasu yana yi. Minti goma ya gama, oga ya buɗe wayarsa ya ga lambobi suna motsi, a tafa masa a biya shi ya tafi. Ranar da janareto ya tsaya da tsakar dare ba dalili, ko saitin mita ya canza, ba shi za a kira ba, kai za a kira, kuma ba za ka samu ko log ɗin da zai nuna waye ya shiga ba don bai kunna ba. Wasu ma DMZ suke sawa gaba ɗaya in tura fot ɗin ya ba su wahala, wato duk fot ɗin na'urar a waje har da na saiti da na famwaya. In ka ji wani ya ambaci DMZ a kan sabar siriyal ka raka shi bakin ƙofa cikin mutunci.

To ya za a yi wa oga? Ka fara tambayarsa me yake son gani. In karatun mita ne, ba shi da wata hulɗa da NPort ko kaɗan. Kwamfutar da take karanta mitocin ita ce za ta ci gaba da magana da na'urar a cikin gida, shi kuma ya ga sakamakon, ko ta shafin rahoto na manhajar ko ta fayil ɗin da take turawa waje lokaci-lokaci. In dole sai an shigo daga waje, VPN, wato ɓoyayyiyar hanya mai mabuɗi, za a kafa a rauta ko fayawol, WireGuard ko OpenVPN ko IPsec duk suna yi, kowane mutum da mabuɗinsa yadda in ya bar aiki za a soke nasa kaɗai. Kuma ko ta VPN ɗin a tsayar da shi a kan kwamfutar rahoto. Kar wani ya ce to bari a tura 3389 na Remote Desktop a maimakon haka, wannan ma ita ce dai matsalar aka sake wa riga.

A kan na'urar kanta, akwai shafin Accessible IP, ka kunna shi ka sa IP ɗin kwamfutar karatu da na laftof ɗin da kake saiti da shi, su kaɗai. Ka tabbata ka sa naka kafin ka adana, in ba haka ba kai ma za ta rufe ka a waje sai riset. Ka canza kalmar sirri, ka kashe Telnet, ka kashe HTTP in tana da HTTPS, SNMP in ba a amfani da shi a kashe, in ana yi a canza public ɗin nan ko a koma v3. In ba ta da buƙatar fita daga layinta, ka bar gurbin getwe, wato adireshin hanyar fita, babu komai, na'urar da ba ta san hanyar fita ba ba za ta iya amsa wa na waje ba. Tunda bakinta biyu ne, ka duba cewa mitoci suna ɗaya kwantirola yana ɗaya, kuma in kwantirolan yana da saitin hana umarni daga nesa ka kunna shi har sai an zauna an yanke waye ya cancanci ya kashe janareto. In da hali a ware wa kayan nan VLAN nasu daban da na kwamfutocin ofis. Ƙananan NPort na jerin 5000 ba sa ɓoye bayanan siriyal a kan waya, jerin 6000 ne suke da wannan, to in wata rana za a canza ka san abin da za ka nema.

Famwaya kuma daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, ka duba lambar samfurin harafi da harafi, ka yi shi ta kebul a lokacin da ba a dogara da karatun ba kuma wuta ba za ta yanke ba, don in ta yanke ana tsakiyar ɗorawa na'urar na iya ƙin tashi. Bayan ɗorawa ka sake duba saitin, wani sabon famwayan yana zuwa da wasu hidimomi a kashe. Ka saita mata NTP don agogonta ya zama daidai, in tana iya tura log zuwa sabar syslog ka tura.

In ka gwada kalmar sirrin kamfani ta ƙi, wancan da ya bar aiki kuma ba a same shi a waya ba, to riset ya zama dole, amma kafin nan ka bi mitocin ɗaya bayan ɗaya ka karanta gudu da fariti da adireshin kowanne daga allonsu, ka buɗe direban da ke kan kwamfuta ka rubuta wane COM aka ɗaure da wane IP da wane baki, ka duba ko waya biyu aka ja ko huɗu a RS-485 ɗin. Sannan yau ɗin nan ka shiga rautar ka duba shafin tura fot da na DMZ da na UPnP, duk layin da ya nuna IP ɗin na'urar nan ka ɗauki hotonsa ka goge shi.